Kunya Ba Ta Jin Turanci

Gwarimpa, Abuja
3 ga Agusta, 2008

Zuwa ga aminiyata Kubra,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar nan taki, yaya kuma damina a Bakori? Ni dai na sauka lafiya gidan ƙanena Manniru, shi da matarsa Rukayyat sun karɓe ni hannu bibbiyu.

Kada ki ce me ya hana ni bugo waya. Wayar gidanku a aljihun Malam take kwana, maganata kuwa ba ta kunnen maza ba ce, shi ya sa na ba Yamusa direba takarda.

Kin san abin da ya kawo ni. 'Yar farina, wadda Manniru ya ɗauka riƙo tun ranar yaye, ta samu karatu a Malesiya, ƙarshen watan nan za ta tashi. Na zo mata da kuka da daddawa da yaji. Kubra, yarinya ta zama mace. Tafiyarta tawa ce sak, har ɗage girar nan idan an ɓata mata rai. Satar kallonta kawai nake yi. Ita kuwa Gwaggo take ce min, Rukayyat ce Mami. Ban ga laifinta ba, tunda ni ma bakina bai taɓa kama sunanta ba, sai "yarinyar nan", sai "'yar gidan Manniru". Haka iyayenmu suka yi wa 'ya'yansu na fari, kowa kuma ya san so ne ya yi yawa. To wa zai fahimtar da 'yar Abuja haka?

Akwai wata malama, Magdalene, da ke zuwa da hantsi tana ƙara mata Turanci. Hausarta abin dariya, "Mama, ka zauna" take ce min. Nakan zauna gefe ina gyaran zogale ina kasa kunne, don ɗan Turancinmu na firamare bai gama zubewa ba. Ashe Turawa ma ba sa miƙe zance. Wai "break the ice", fasa ƙanƙara, shi ne ka ja baƙo da hira har ya saki jiki. "Bring up" ba a hau da kaya sama ba ne, raino ne. "Take after" kuma ɗa ya ɗauko uwa ko uba. Da aka zo nan sai na ƙara sunkuyar da kai cikin faranti.

Ki leƙa min awaki, ki gaida kowa.

Taki,
Safara'u

Gwarimpa, Abuja
17 ga Agusta, 2008

Kubra,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, na gode da gyaɗa. Kin ce in koyo Turanci in dawo in buɗe muku makaranta. Bar tsokana, yau ba ni da bakin dariya.

Ran Talata malama ta ce yarinyar ta gina jimla da "give away". Ba ta ko dubi inda nake ba ta ce, "My mother gave me away." Malama ta juya shafi da sauri. Ni kuwa na tsinci "mother" a ciki. Da malama ta tashi tafiya na bi ta har bakin ƙofa na ritsa ta. Ta yi ta kwana-kwana, na ce ta dubi girman Allah ta gaya min. Ashe ma'anarsa ka kyautar da abu, ka kakkaɓe hannunka.

Ni, Kubra? Ke ce shaidata. Baba ne ya ce a ba Manniru ita tunda Allah bai ba su haihuwa ba, wa ya isa ya ja da Baba? Ranar da mota ta tashi da ita, ba ke kika same ni bayan rumbu na cusa zane a baki don kada surukata ta ji kukana ba? Shekara da shekaru ba na cin abu mai daɗi ban tuna ta ba. Ga ta yanzu ɗaki ɗaya muke kwana, amma wallahi kewarta nake ji fiye da ina Bakori.

Na yi niyyar yi mata magana, har na tsaya a kanta tana shirya akwati. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne ta ɗaure daddawa da kyau kada ta yi wa kaya wari. Ta ce to, Gwaggo.

Sai wata dabara ta faɗo min. Kunyar nan da Hausa aka koya mana ita, ba na jin tana jin Turanci. Na roƙi Magdalene ta koya min yadda ake ce wa mutum za a yi kewarsa. Ta rubuta min, ta ce amma dole in fara da suna, wai maganar ba ta shiga sai da shi. Yanzu a kicin nake bita, ni da tukunya. Turancin ya zauna daram. Sunan ne nake tsallakewa, in bar gurbinsa.

Ta kuma koya min "see off", rakiyar matafiyi. Wannan kam ba sai na yi bita ba. Ki sa ni a addu'a, idan yarinyar ta tafi da wannan zato a ranta ban san yaushe zan cire mata shi ba.

Taki,
Safara'u

Gwarimpa, Abuja
31 ga Agusta, 2008

Aminiyata Kubra,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Yarinyar ta tashi jiya da la'asar.

Mun raka ta filin jirgi. Manniru ya yi nasiha, Rukayyat ta rungume ta suna ta kuka, ni ina tsaye baya riƙe da jakar da ba tawa ba. Yarinyar ta zo ta rusuna ta ce min sai wata rana, ta juya. Har ta kai wurin masu duba takardu. Ƙafata ce ta kai ni, ban san lokacin da na kama gefen mayafinta ba. A gaban Manniru da duk jama'a na ce:

"Lubna, I will miss you."

Ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Na ɗauka Turancin na kwafsa, har na fara jin kunyar Magdalene. Sai ta matso kusa da ni. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Bar Turancin. Sake faɗin na farkon."

Na sake faɗa. Ta ce in ƙara, na ƙara, har ma'aikacin ya ce layi na jira. Ta shige tana waiwaye.

Kubra, ashe sunan nan daɗi gare shi a baki, na bar shi shekara ashirin yana jirana. Yanzu da na iya kiransa, mai amsawa tana bayan teku. Yau da safe na shiga ɗakin na naɗe shimfiɗarta, na kira shi a hankali, ba kowa.

Jibi zan biyo Yamusa. Ki gaya wa matan unguwa su yi ta salati, na riga na faɗa, kuma ba zan daina ba.

Taki har kullum,
Safara'u, Maman Lubna