Kwana Ɗaya Tak a Lolo

Lolo, 22 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, da tambayar jikin Baba. Bayan haka, kowa a nan ɗinkin bikin 'yancin kai yake yi, kekena ba ya hutawa. Na so in aiko miki da atamfa, sai matata Mariyamu ta ce, "Wadda ta shekara huɗu tana jinyar tsoho ita kaɗai, barci take so, ba zane ba."

To ga kyautarmu. Ranar jajiberin kasuwa ki hau mota ki zo Lolo, Mariyamu ta share miki ɗaki. Ki ci, ki kwanta, da safe ki zaga kasuwa ki koma. Ni zan zo Kaoje in zauna da Baba. Kwana ɗaya tak. Kada ki ce a'a.

Ƙanenki,
Bunyaminu

Kaoje, 3 ga Oktoba

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki. Yau kwana huɗu ke nan. Mariyamu ta aiko cewa kin yi barci har hantsi, kin ce za ki kasuwa, daga nan aka gan ki kin bi masu kifi kin ƙetara iyaka zuwa Dahome. Ba ki da kowa can sai Gwaggo Sakinatu, shi ya sa na ba Hamma mai goro wannan takarda ya kai miki gidanta.

Yaya, ban san haka Baba ya koma ba. Ya ce ni ɓarawo ne, ya jefe ni da buta. Na dama kunu, ya tofa mini a fuska. In na zo wanke shi sai ya yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. Jiya ina sallar la'asar ya fice, na same shi a fadama, ruwa iya ƙirji, wai zai kori tsuntsaye daga gonar shinkafar da muka bari tun ina yaro. Tun shekaranjiya bai sa komai a bakinsa ba.

Don Allah, don Annabi, ki dawo. Zai mutu a hannuna.

Ƙanenki,
Bunyaminu

Dahome, 6 ga Oktoba

Bunyaminu ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba ko da bai gane ba. Limamin unguwar Gwaggo ne ke rubuta mini, na kuma roƙe shi kada ya gyara maganata.

Wallahi ban yi niyyar gudu ba. Na farka a ɗakin Mariyamu, na ji shiru, ba mai kira, ba wari, sai na fashe da kuka. Na je har tasha, direba ya ce, "Kaoje ce, shigo." Ƙafata ta ƙi.

Fadamar nan da ka tsamo shi, sau tara ina tsamo shi. Na ƙarshe, watan jiya, na iso bakin ruwa na gan shi yana nutsewa, sai na tsaya. Na tsaya ina kallo, Bunyaminu. Zuciyata ta ce, "Bar shi, ku huta ku biyu." Ban san tsawon lokacin da na yi ba kafin na faɗa ruwan. Tun ranar ba na iya haɗa ido da shi.

Kuna zuwa da salla, kuna ajiye goro da sukari, kuna cewa sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya taɓa kwana.

In ka ce in dawo gobe, zan dawo, ubana ne. Amma ina tsoron kaina. Kunun kuma kada ka miƙa masa, zauna gefensa ka fara sha, kada ka dube shi.

Ka yafe mini.

Yayarka,
Saratu

Kaoje, 10 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta sau uku, na ƙone takardar. Babu abin yafewa, mu ne masu neman gafararki.

Ki zauna wajen Gwaggo har a gama yankan shinkafa. Na sa an rufe shago, Mariyamu tana tafe gobe da kayanmu.

Ya sha kunun, rabin ƙwarya. Da ya gama sai ya kama hannuna ya ce, "Saratu, Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin.

Ƙanenki,
Bunyaminu