Keken mijina da bikin 'yar Kawu

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai raba zumunci, wallahi zuciyata tafasa take yi.

Mijina malamin firamare ne, shekara goma sha ɗaya yana zuwa aiki a keke. Da aka faɗaɗa titin unguwarmu sai aka cinye gefen da masu ƙafa da masu keke ke bi. Wata huɗu ke nan da tifa ta banke shi. Ya rayu, amma an yanke ƙafar dama. Keken yana bayan ƙofar ɗakina a lanƙwashe, kullum sai na kalle shi.

Ashe ƙungiyar unguwarmu ta taɓa kai takarda majalisar jiha, tana neman a ware kuɗin hanyar ƙafa da ta keke da ƙarin bas. Kin san wa ya yi watsi da ita? Kawun mijina, shugaban kwamitin sufuri! Wai a ganinsa an daina yayin keke. Da ya zo dubiya asibiti, katan ɗin lemo ya dire, ko zama bai yi ba.

Asabar mai zuwa zai aurar da 'yarsa. Na ƙudurta sai na ja keken nan har gaban manyan baƙinsa na yar, in ga da wane ido zai kalle ni. Mijina sai haƙuri yake ba ni, ni kuwa haƙurin ya ishe ni. In je?

Matar mai keke

'Yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki haɗiye shi ba. Amma amarya ba ta yi miki komai ba. Kuma cikin minti biyu masu gadi za su fitar da ke, washegari zancen gari ya koma kan matar da ta ɓata biki, a manta da titi.

Ki bar keken yadda yake, kada ki gyara. Ƙungiyarku ta sake rubuta takardar, ku bincika ranar da kwamitin zai saurari jama'a kan kasafin sufuri. Ki tara iyayen ɗaliban mijinki, ai titin nan 'ya'yansu ke tsallakawa kullum. Ranar ki ja keken ki ajiye shi gaban teburin Kawu. A can babu makaɗan da za su danne muryarki, kuma wannan karon dole ya zauna.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa kada wata mata ta sake ajiye irin wannan keke a bayan ƙofarta.