Tsinken Bai Yi Duhu Ba

Daren Laraba, Tudun Wada

Alhamdulillahi. Yau kwana arba'in da ciro mini tsakuwa daga matsarmama. Da safe 'yata Hadiza ta zo da tsinken nan na gwajin fitsari. Ta ce in ya sake yin duhu, ruwan matsarmama bai daina sauka ba ke nan, sai mu koma asibiti. Ni kuwa na rantse ba mai sake yanka ni.

Ta tsoma, ta kara shi da launukan jikin kwalba, tana ta ƙifta ido.

Na ce, "Miƙo nan. Shekara ashirin ina sashen rini a masaƙa, ke za ki koya mini launi?"

Ta ce, "Baba, da ka san launi, da ba ka shekara kana shan saiwa kana cewa shawara ce ba."

Na ƙyale ta, na fita da shi hasken rana. Fes yake, kamar zaren da bai ga rini ba.

Ciwon nan tun soja na mulki yake cina. Sun koma bariki, yau shi ma ya bi su. Tsakuwoyin suna gwangwani tare da katin aikina. Gobe ƙosai zan ci, ko Hadiza ta so ko ta ƙi.