Kiwon da Kawu Garba ke yi wa Nasiru

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Amirka? Yaya Hajiya Rabi da yara? Mu nan Gaya lafiya lau, sai kewarku.

Ɗanka Nasiru ya iso hutu. Da yake sojoji ba su buɗe gadar kan iyaka ba, a kwale-kwale ya ƙetaro, sai da aka sauke fasinja biyu saboda nauyinsa. Ya ce mai horar da su ƙwallon Amirka a jami'a ya gargaɗe shi: in bai rage nauyi ba, manyan ƙungiyoyi ba za su zaɓe shi ba. Aikinsa a wasan tare abokan hamayya ne a tsakiyar layi, amma ƙaton da ke iya gudu suke so.

To, Kawu Garba mai kamiyon ɗaukar kaya, wanda ko a tele bai taɓa ganin ƙwallon Amirka ba, shi ya zama gwani. Ya ɗauka kokowa ce. Kullum fura da soyayyen kifi, har ya ɗora yaron kan sikelin shinkafa a kasuwa kamar ragon layya, ana tafi. Da na yi magana ya ce, "Mushe, malamin makaranta, koma wa allinka. Ka taɓa ganin ramamme ya kayar da ƙato?"

Yanzu kowace safiya nakan fitar da shi gudu bakin kogi tare da ɗalibaina. Yana haki, amma bai taɓa ƙi ba. Don Allah ka kira Kawu, tawa ba ya ji.

A gaida kowa. Ku sa mu a addu'a, kwale-kwale ya maido muku shi ba a sauke kowa ba.

Ƙaninka,
Sule