Kakarki Ta Zo Shagon Mugun Manaja

Zuwa gare ki, sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata, inuwata ta tsakar rana, Mai Ƙararrawa, wadda jama'a ke kira Malama, ni kuwa nake kira tawa a ɓoye cikin zuciyata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta hana sakat. Yau kwana tara da tafiyarki wannan horon, kuma wallahi kowace rana tsawon mako take yi mini. Sau uku na ɗauki waya in kira ki, sau uku na ajiye. Kin san halina: da na ji muryarki harshena yake ɗaurewa, in yi ta tambayarki ya aiki, ya aiki, har mu rabu ban ce komai ba. Labarin da ke bakina yau kuwa ya fi ƙarfin ya aiki. Shi ya sa na kaɗe garin katako daga teburin shago, na nemo biro, na zauna. Amma ba zan faɗa miki nan take ba. Ke ma kin sha ja mini rai, yau ranar ramuwata ce!

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon nan? Dandamali kika zo in yi muku, irin wanda ake naɗewa a ɗora a bayan mota, don ƙungiyarku ta riƙa zaga kasuwanni da makarantu tana wasan kwaikwayo, tana nuna wa mutane haƙƙoƙinsu. Ina cikin aune-aune kika dube ni sama da ƙasa, kika ce da wannan ƙirjin da wannan muryar, ai kun samu mugun da kuka daɗe kuna nema. Ni? Ni kafinta, da ko akuya ta shigo mini shago sai na ba ta haƙuri kafin ta fita? Na buɗe baki in ce a'a, kika yi murmushi, wushiryar nan ta leƙo, sai kawai na ji kaina ina tambayar ƙarfe nawa ake gwaji.

Ke kika koya mini ƙa'idojin wasan. Kika ce mugu ba ya faɗin maganar da aka ƙirƙira, duk abin da zai fito daga bakinsa sai wanda aka taɓa faɗa wa wani mutum da gaske. Kuma idan zalunci ya kai inda zai kai, sai ki kaɗa ƙararrawa, mu 'yan wasa mu daskare a inda muke, ki juya ga jama'a ki tambaye su wane haƙƙi aka taka, wa kuma zai hau ya tsaya wa wadda aka zalunta. Haka na zama Manaja, mai korar ma'aikaciyar da inji ya murƙushe wa hannu, ba magani, ba ko sauraron bakinta. Ya hasken safiyata, da kin san abin da nake ji idan na daskare da yatsa a sama, fuska a murtuke, ke kuma kina yawo a gaban taro, kina sa mai sayar da albasa da direban tasi suna musu a kan haƙƙin ma'aikaci! Kowa yana ganin dutse, ni kuwa narkewa nake yi. Sau biyu na manta maganar da zan faɗa saboda kallonki, na ɗora laifin a kan lasifika.

Sai waccan Asabar ɗin a bakin tasha. Mun shirya da an tashi za ki gabatar da ni ga Kaka, wadda ta raine ki tun kina goye, wadda ba ki taɓa tsallake maganarta ba. Har sabuwar riga na ɓoye a mota. Na kori ma'aikaciyar, kika kaɗa ƙararrawa, kika tambaya wa zai hau. Kafin ki rufe baki wata 'yar tsohuwa ta ratso taro, aka tallafa mata ta hau, ta ɗaga lema ta sauke mini a gadon baya. Ɗaya, biyu, uku! Ni kuwa ƙa'ida ta ce in daskare, na daskare. Jama'a suka ɗauki tafi, mai kula da lasifika ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ke kina ta kaɗa ƙararrawa ba mai jin ki. Da aka lafa kika raɗa mata cewa ai wannan ne wanda kike ba ta labari. Ta harare ni, ta ce, "Wannan? Ko bayan raina. Mai iya mugunta haka ba a wasa ya koye ta ba."

Wata biyu ke nan, ya rabin raina, kin san yadda muka yi su. Na aika gaisuwa, ta ce ba ta ji ba. Na yi mata kujera mai jingina, ta bai wa maƙwabciya. Da na ce miki zan ajiye Manaja in koma jera wa 'yan kallo kujeru ko ta huce, kika ɓata rai. Kika ce tun da na karɓi wasan mutane suka fara hawa dandamali da kansu, har wani mai gadi ya koma wurin aikinsa ya nemi a saurare shi, aka kuma saurare shi. Kika ce ba za ki yi aure ba da albarkar Kaka ba, kuma ba ki son mijin da zai gudu daga aikin da ke buɗe bakin mutane. To ina zan sa kaina? In riƙe wasa in rasa Kaka, in rasa Kaka in rasa ki! Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, ƙato da ni, a bayan tulin katako.

To, riƙe zuciyarki. Yau da hantsi ina fere ƙafar tebur, na ɗago kai, sai ga Kaka a bakin shago, ita kaɗai. Na soma neman inda zan kare bayana. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta zauna a kan wani benci da ban gama ba, ta ce, "Kai, ɗan nan, maganar da ka faɗa wa yarinyar can, cewa ƙofa a buɗe take, akwai mutum ɗari a waje suna jiran wurinta, wa ya koya maka ita?"

Na gaya mata ƙa'idarki, cewa ba ma ƙirƙira. Na ce mahaifiyata ce ta ba ni ita, don ita aka faɗa wa a gidan wanki ranar da dutsen guga ya ƙone mata hannu. Sai Kaka ta fito da hannunta na hagu daga cikin mayafi. Kin san yatsun nan biyu da ba sa lanƙwasawa, waɗanda ta ce miki ƙofa ce ta datse? Ba ƙofa ba ce. Inji ne, a wata masana'antar sabulu, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Kuma abin da aka ce mata ke nan ranar da aka kore ta, kalma bayan kalma. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko kakanki. Ta ce mini, "Ba kai na daka ba, wanda ya kore ni na daka. Ban taɓa jin an tambaya wa zai hau ba sai ranar." Ta ce ita bakinta ba zai iya gaya miki ba, in rubuta miki ni. Ga shi na rubuta.

Na durƙusa a gabanta ina share ido da bayan hannu, ta ce in tashi, ƙaton banza, kar in sa mutane su ce ta sake dukana. Daga nan fa ta koma Kakar da kika sani! Ta zaga shagon tana taɓa komai, ta ce ƙusoshina a warwatse suke, ta ce na rame, ta tambayi wa ke dafa mini abinci. Ta tsaya a kan dandamalinmu da ke jingine, ta ce wane marar tunani ne ya yi shi da tsawo haka, sai an ɗaga tsohuwa kamar buhu kafin ta hau? Na ce ni ne. Ta ce in yi masa matakala da abin riƙewa kafin Asabar, don za ta zo da matan layinsu, kuma tsofaffi ma suna da abin faɗa. Ta ja mini kunne kar in kuskura in sassauta muguntata don na gan ta a gaba.

Ki dawo, ya sanyin zuciyata! Me ya rage a horon nan da ba ki sani ba? Ki dawo ki gan ni ina aiki ina waƙa, ni da ban iya waƙa ba, har mai walda na kusa ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na yi miki alkawari, zan bi ki kowace kasuwa da kowace makaranta, a tsine mini a bainar jama'a kowane mako, in dai hakan zai sa mutum ɗaya ya miƙe ya ce a saurare ni. Idan muka koma gida kuwa, ba za ki taɓa jin muryar Manaja a ɗakinmu ba, sai ta kafintanki mai in'ina.

Na bar miki mafi daɗin a ƙarshe. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta ce, "Jikana, ka gaya wa mahaifiyarka ina son ganinta. Muna da magana biyu ni da ita, ta hannuwanmu da ta 'ya'yanmu."

Jikana, ta ce! Na riga na aika wa Mama, ta ce gobe da safe za ta je.

Naki ne ni, ke kaɗai, har guduma ta gagare ni ɗauka, har bayan nan,
Kafintanki.