Soson Karkana

Zuwa ga mahaifina, Baba Shadli,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna Mabruka? Yaya mutanen Karkana?

Ni ma lafiya lau. Wata biyar ke nan ina yi wa Yarima Lamjad nutso a jirginsa, nan gaɓar Tabarka. Kunnena na hagu ya ɗan toshe tun wani zurfi da na shiga, amma ba komai, kada Inna ta ji.

Baba, mutumin nan ɗan sarki ne, amma da hannunsa yake auna zurfin teku, kuma yana riƙe ɗanyen soson da muke cirowa daga ƙarƙashin teku kamar jariri. Ranar Talata ya ce mini, "Munji, tsakaninka da Allah, soson garinku yana nan kamar da?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da kakana ke cirowa a yini, mu sai mun yi wata."

Jiya ya rubuta wa fada a hana cire soso a ruwanmu har shekara uku, don ya sake tsirowa.

Na san da soson nan kake ciyar da gida, shi ya sa na ga gara ka ji daga bakina kafin mai shela ya iso. Ni na gaya masa. Abincin gida yana wuyana insha Allahu.

Ka yafe mini, Baba. Kai ka koya mini nutso, kai kuma ka hana ni ƙarya.

Ɗanka,
Munji