Lissafin narkewar roba ya hana ni sukuni a gidana

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Shawararku nike nema, don Allah ku ba ni, wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ni mutumin Malanville ne, ina da shago cikin babbar kasuwa, buhuna nike saidawa irin waɗanda ake zuba albasa da shinkafa, da igiya da leda. Karatuna bai yi nisa ba, a kwaleji na tsaya, na bar lakkwal na bi mahaifina kasuwa. Matata kuwa malama ce, kimiyya take koyarwa a lise, wato babbar sakandare. Da bokonta na gan ta na aure ta, Allah ya ba mu ɗiya biyu, kuma ban taɓa jin wani abu a raina ba, alfahari ma nike yi in muna tahiya na ji yara suna gaishe ta madam madam.

Bara ta ce mani tana son ƙarin karatu, masta, daga gida za ta yi mafi yawansa. Abin da ta zaɓa shi ne ledojin nan da sunka cika mana gari, suna toshe magudanan ruwa, awaki na ci suna mutuwa, wai a narkar da su a gauraya da yashi a yi duwatsun shimfiɗa tsakar gida. Na ce madalla, ni da kaina nike kwaso mata yagaggun buhuna da leda daga shago. To babban malaminsu da ke kudu sai ya haɗa ta da wani malami ɗan Gaya da ke ƙetaren kogi, shi ma kan abu guda yake aiki, ya ce su yi tare. Bari in riƙa ce mishi Mushe, yadda muke kiran malami da Faransanci.

Daga nan waya ta fara. Kullum bayan la'asar in na dawo in iske ta a tsakar gida, takardu baje kan tabarma, waya a kunne, Faransanci ne ke zuba da saurin da ba na iya kamawa. Kalma guda ce ke ta dawowa, antropi, antropi. Wallahi da farko na ɗauka sunan wani mutum ne. Sai kuma dariya. Jama'a na san dariyar matata kala-kala, wagga ban taɓa jin ta ba, har tana buga cinya.

Rannan na daure na ce, Maman Amina wai mene ne antropin nan da ya hana mu shan iska. Ba ku ga murnar da ta yi ba. Ta jawo buhu guda da leda guda ta zauna kusa da ni. Ta ce cikin roba wasu dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, wasu sun kwanta a jere tsaf kamar sababbin buhuna cikin bandir, wasu kuma a cukurkuɗe suke. In zafi ya kai wani mataki sai jerarrun su warware kowane ya kama gabansa, shi ne narkewa, antropi kuma ma'aunin wannan warwarewar ne. Lissafin, in ji ta, ka ɗauki zafin da robar ta sha wurin narkewa ka raba shi da matakin zafin da ta narke, amma ba digirin da munka saba ba, sai ka ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a kai. Kuma tunda ba duka robar ce jerarra ba, dole ka san kason da ke jere, in ba haka ba amsarka ta yi ƙasa. Ta ba ni lambobi, na yi ta dannawa a wayata, na ɓata, na sake, har na samu. Ta tafa hannu ta ce, ka gani ko Baban Amina, ai da ka ci gaba da lakkwal da kai ke koya mani. Na ji kamar sabon ango.

Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara, Mushe ne. Abin da ta ɗauki kusan awa tana fahimtar da ni, cikin numfashi kaɗan sunka wuce shi sunka shiga wani. Kuma muryarta ta sake. Ni tana yi mani magana a hankali, da lallashi, kamar ɗan aji. Shi kuwa katse shi take yi, tana ce mishi a'a ba haka ba ne, yana gardama tana gardama, har ta miƙe tsaye. Tunda munka yi aure ba ta taɓa gardama da ni haka ba, ni ko da na yi kuskure sai ta ce to maigida. A wurin nan ne abin ya soke ni, kuma har yau bai fita ba.

Na yi mata faɗa a kai, na ce wayar ta yi yawa, matar aure ce ita. Ba ta ɗaga murya ba, ta miƙo mani wayar ta ce in duba duk abin da nike so. Na duba, lambobi ne da zane-zane masu hawa da sauka, ko gaisuwar kirki babu. Ta koma tana buɗe murya in ya kira don in ji komai. Sai abin ya fi muni, ina zaune ina jin su biyun, kamar baƙo a gidana.

Ina jin ta gaya mishi wani abu, don ranar wata kasuwa sai ga shi a shagona. Ya ƙetaro kogi cikin jirgi tunda gadar iyaka a rufe take, ya hau kabu-kabu har bakin shago, da ƙunshin kilishi a hannu. Tsarana ne, mai natsuwa, da matarsa da 'ya'yansa. Na so in samu abin ƙi a jikinsa ban samu ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, Alhaji na zo ne ka san fuskata, kuma in gode maka. Ya ce ya daɗe amsoshinsa ba su daidaita, yana ta zargin lambobin littafi, madam ce ta gano ya ɗauki robar kamar dukanta jerarra ce. Ya ce a aikin nan ita ce gaba shi yana biye. Sai ya rufe da cewa, kai kam Alhaji Allah ya ba ka. Na ce amin na gode, na sa anka kawo mishi ruwan sanyi. Wani namiji ya san wani abu mai kyau a wurin matata wanda ni sai dai a ba ni labari. Yana tahiya maƙwabcin shagona ya leƙo yana murmushi, wai wanga shi ne abokin karatun madam ɗin.

Yanzu ga inda nike. Lissafin ba ya kammala sai an auna robar tasu da wata na'ura da ke auna zafin da take sha, kuma babu ita sai a Kwatano. Babban malaminsu ya samar musu lokaci guda su biyun, wajen sati biyu ko fiye. Ita gidan gwaggonta za ta sauka, shi ya nemi nasa masauki, amma mota guda, hanya guda tun daga nan har can, wuni guda a ɗakin gwaji kullum. Ta nemi izinina na ce zan yi tunani. Ta ce, Baban Amina in ka ce kar in tahi ba zan tahi ba, amma ka gaya mani dalili. Na tashi na koma shago.

Tun ranar ta daina amsa wayarsa, ta tattara gutsattsarin robobinta cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado. Abinci na zuwa kan lokaci, ba ta fasa mani komai ba, amma gidan ya yi tsit, har Amina ta tambaye ni ko mamanta ba ta da lafiya. Innata ta ce in bar ta ta tahi, yarinyar ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yayana ya ce shi matarsa ko Kandi nan kusa ba za ta je da wani ƙato ba. Na yi tunanin in bi ta, to ga lokacin albasa ya kama ba mai riƙe mani shago, kuma in na je me zan yi, in zauna bakin ƙofa ina gadin matata a gaban malamanta?

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai ku, ba na zarginta, zan iya dafa Alƙur'ani a kan haka. Tsorona shi ne ta je ta ga mutanen da ke jin yarenta, ta dawo ta zauna da ni tana lallashina har ƙarshen rayuwa. In kuma na hana ta, na san za ta zauna, ba za ta ce uffan ba, amma ni ne zan riƙa ganin fuskar nan kullum.

Kafin Juma'a za ta ba malaminsu amsa. Maza masu auren 'yan boko, ya kunka yi da irin wanga kishi? Mata ku ma ku gaya mani tsakani da Allah, in mijinki ya hana ki a irin wanga wuri, kina yafe mishi har cikin zuciya? In bar ta ta tahi ko in hana?